Bargon Auren Biba

Ba zan taɓa mantawa da bargon da na ɗinka wa Biba ƙanwar maigidana ba, kuma ko na so in manta, matan Dogarawa ba za su bar ni ba. Ga ni na tsufa, rabin haƙorana sun tafi, amma har yau in na je biki aka zo gyaran gadon amarya, sai in ga sa'o'ina suna satar kallona suna toshe baki da gefen mayafi. Shi ya sa na ce gara in ba da labarin da bakina, don masu ba da shi a bayana sun fara zuba masa gishiri fiye da kima.

Ni 'yar Birnin Konni ce, kuma a wancan lokacin ban yarda akwai wata daraja a duniya da ta wuce wannan ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida (ban ci satifika ba, amma wannan ba kowa nake gaya wa ba), daga nan na yi 'yan watanni ina zuwa gidan koyon sana'a na mata, inda wata Madam ke koya mana ɗinki da saƙa da yadda ake dama wa jariri kunu. A wurinta na fara ganin bargon haɗe-haɗe. Wata rana ta zo da shi daga gidanta ta baje mana a kan tebur. Guntayen yadi ne kala-kala, kowanne bai wuce tafin hannu ba, an jera an ɗinke, an sa tsohon gwado a tsakiya, an yi masa shafi ta baya. Ta ce a ƙasarsu ba a zubar da ƙyalle. Na shafa, na juya, na duba ɗinkin, na ce a raina ai wannan ko ido rufe zan yi shi.

Aka yi mini aure aka kai ni Dogarawa shekarar da ruwa ya dawo, bayan farin nan da ya cinye dabbobin mutane. Maigidana yana aiki a gidan siminti na Malbaza, sai ƙarshen mako yake zuwa a kan kekensa. Sauran kwanakin daga ni sai Inna, mahaifiyarsa, sai Biba. Na shigo garin da akwatin ƙarfe, da almakashi, da hura hanci. Ba na shiga gidan kowa. In ana suna sai in ce kaina ke ciwo, in an yi rasuwa sai in ce ni amarya ce ban saba ba. Wata bakwai ina garin, amma da za a tsare ni a ce in faɗi sunan mata goma, sai na haɗa da Inna da Biba da ni kaina kafin su cika.

Da aka gama kai hatsi rumbu aka sa ranar auren Biba, dangi suka taru kowa ya faɗi abin da zai kawo. Shekarar ba ta yadi ba ce. Mutane yanzu suka fito daga yunwa, mai zane uku ma ana ce mata mai hali. Wannan ta ce ƙwarya, wannan ta ce tabarma, waccan ta ce faifai da ludayi. Ni kuwa, ba wanda ya tambaye ni, na buɗe baki a tsakar gida na ce zan yi wa Biba bargon da ba a taɓa shimfiɗa irinsa a garin ba.

Inna ta dube ni ta ce, "Da wane yadi, ɗiyata?"

Na ce, "Ki bar mini wannan, Inna."

Biba ta rungume ni don murna, kafin la'asar duk 'yan matan unguwa sun ji labari.

Abin da na dogara da shi wani ɗan ƙunshi ne na guntayen atamfa da na roƙo wurin telan unguwarmu a Konni kafin aure. Da na kwance shi na yanka na jera a kan tabarma, sai na ga duk abin da zai fito bai wuce abin rufa jariri ba. Ga biki saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Na kwana biyu ina juya ƙyallayen ta nan ta can, ba su ƙaru ba.

To, a hanyar rijiya, can ƙarshen gari inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, akwai wani ɗan gida mai ɗaki ɗaya da magarya a tsakarsa. Nakan ga zane a shanye a kan dangar gidan, kuma ba iri ɗaya ba: wannan makon shuɗi, wani lokaci mai ruwan goro, wani lokaci ja. Tsohuwa ɗaya ce a gidan, Iya Tsahara, doguwa, busasshiya, ba ta da yawan magana. Na lura matan da ke gabana sukan sauke murya in sun zo daidai gidan, su rusuna su gaishe ta, su ƙara sauri. Ni da wayona sai na yanke cewa wankau ce, mai wankin kayan mutane, kuma nauyinta suke ji don ta san dattin kowa.

Wata rana na bari sai da hanya ta yi tsit, na ajiye tulu na yi sallama. Na ce mata ina neman tsofaffin zannuwa ne, ko yagaggu, in akwai waɗanda masu su suka bar mata.

Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Ke ce amaryar gidan Malam Idi, ta Konni."

Na ce ni ce.

"Mi za ki yi da su?"

Na yi mata bayani, har ina auna faɗin bargon da hannuwana. Ta shiga ɗaki ta jawo wani tsohon adudu ta ɗage murfin. Zannuwa ne a ninke tsaf-tsaf, wasu sun koɗe, wasu kuwa da sauransu sosai. Wani ƙamshi mai sanyi ya taso daga ciki, kamar kafur ya gauraya da ɗanyen ganye.

Na ce, "Masu su ba za su biyo sawu ba?"

Ta ce, "Ba su biyowa. Sun gama da su." Sannan ta ce, "Kin shaida ma Innarki?"

Na ce, "Ai ita ta aiko ni." (Allah Ya yafe mini. Wannan ce ƙarya ta farko, kuma ita ce ƙarama.)

Ta zaɓo guda tara ta ɗora mini a hannu ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ta ɗan shafa shi kafin ta saki. Na roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Ta ce, "Ni aikina ba na hwaɗi ba ne." Na naɗe su a cikin mayafina na koma gida, tulun ma rabi na cika.

Tsakanin azahar da la'asar nake aikin, lokacin da Inna ke kishingiɗe a rumfa, Biba kuma tana wurin ƙawayenta. Sai in saki asabari, in baje tabarma, in ɗauko almakashi. Na yanke wuraren da suka mutu na ware, na fitar da masu kyau daidai tafin hannu, na jera su tare da nawa na Konni. Aikin ya tafi da sauri yadda ban zata ba. Allurar kamar ta san hanya.

Abu na farko da ya dame ni ƙamshin nan ne. Na wanke zannuwan da sabulu sau biyu, na shanya su a bayan ɗaki, na turara su da turaren wuta. Da sun kwana sai ya dawo, har ya kama pilona da ɗankwalina. Sai kuma wata rana ina yankan wani baƙin saƙi na ji ƙulli a haɓarsa, irin wanda mata ke yi su ɗaure ɗan abinsu. Na kwance da haƙori. Ɓarin goro ne ya bushe ƙamas, da ɗan kunne guda ɗaya na azurfa. Na ce a raina wace irin sakarar mace ce za ta ba da zane ba ta kwance haɓarsa ba. Na jefa ɗan kunnen a gwangwanin zare.

Akwai wani koren zane a ciki da ya taɓa yagewa, aka ɗinke yagar da jan zare, ɗinki siriri mai rassa uku kamar sawun kaza. Ban taɓa ganin hannu mai kyau haka ba, ko a wurin Madam. Na ƙi yanke wurin, na fitar da shi na sa shi a tsakiyar bargon daidai.

Da bargon ya fara faɗi sai ɗakin ya canza mini. Ban san yadda zan kwatanta ba. Kin san in kin shiga gidan da mata suka cika, kowa ya yi shiru, ko ba ki ɗaga kai ba jikinki zai ba ki akwai mutane? To haka. Ina sunkuye ina ɗinki sai in ji kamar in na miƙe ƙafa zan taɓa wata. Kyanwar Inna, wadda ba ta da aiki sai kwanciya a kan kayana, ta koma tana zuwa bakin ƙofa ta tsaya, ta dubi bango ɗaya, ta dubi ɗayan, ta juya.

Wata la'asar na fito alwala Inna ta ce, "Wa ya zo wurinki ɗazu?"

Na ce, "Ba kowa, Inna."

"Na ji kamar mata na magana ƙasa-ƙasa."

Na ce, "Ni ce nike ƙirgar ƙyallaye."

Ta dube ni ta ce, "Da murya nawa kike ƙirgar?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Bayan kwana biyu barci ya sace ni a kan bargon da tsakar rana, allura na hannuna. Na yi mafarkin mata suna zaune a jere jikin bangon ɗakina, duk sun ba ni baya. Ba mai ɗankwali a cikinsu. Kowacce an tsefe mata kai an raba gashin gida uku, ruwa yana ɗiga daga jelar kitson yana sauka a ƙasa. Ba su yi mini komai ba, zaune kawai suke kamar masu jiran a kira su. Na farka wuyana ya yi sanyi ƙalau, ga rana a waje tana dukan ƙasa. Na tuna Madam ta taɓa ce mana mafarki daga ciki yake tasowa, na tuna kuma na ci wake da rana, sai na ɗora wa waken laifi na ci gaba da ɗinkina. (Mai ilimi ba ta tsoron mafarki. Asabarin dai daga ranar na riƙa ɗage shi rabi.)

Ana saura mako guda na haɗu da Iya Tsahara a hanyar rijiya. Na gaishe ta zan wuce ta ce, "Sun zamna lahiya?"

Na ce, "Su wa, Iya?"

"Zannuwan." Ta gyara sandarta. "Na manta ban hwaɗa miki ba. Kada ki haɗa shuɗin nan da mai ruwan goro wuri guda. Ba su shiri."

Na ce to. Na ɗauka maganar launi take yi, ni kuwa da na zauna gaban Madam ba wankau ce za ta koya mini haɗa launi ba. Ban da haka ma na riga na jera su kafaɗa da kafaɗa tun daga sama har ƙasa.

Na gama ana saura kwana uku. Zan faɗi gaskiya ko da za a ce yabon kai ne: bargon ya yi kyau. Na shekara fiye da arba'in ina ɗinki bayansa, ban sake yin kamarsa ba.

Ranar jere da hantsi muka ɗunguma gidan ango, can ɗaya gefen garin, don shirya ɗakin amarya. A ƙofar gida na tarar ana sauko da wata tsohuwa daga kan jaki, an ɗauko ta daga tasha. Inna ta ce Gwaggo Hassu ce, yayar surukina, daga Badaguishiri. Idonta ya kusa tafiya, ga zazzaɓi ta taho da shi, sai rawar ɗari take. Inna ta raɗa mini cewa ɗiyarta ɗaya tak, Zalika, a nan Dogarawa aka aurar da ita, ta rasu wurin haihuwa kafin a kawo ni, kuma tun daga lokacin Gwaggo ba ta sake taka garin ba sai yau. Na gaishe ta a tsaitsaye. Hankalina yana kan ƙunshin da ke hammatata.

Sai da aka gama jera kwanuka da ƙore, aka ɗaura gadon ƙarfe, sannan na matso. Na kwance ƙunshin a hankali don kowa ya gani, na kama gefe biyu na watsa bargon a kan gado. Wata ta rangaɗa guɗa. Mata suka yo ca, masu shafawa na yi, masu ɗaga gefe su duba shafin na yi. Ni kuwa na koma gefe na harɗe hannu ina kallon rufin ɗaki kamar abin bai dame ni ba.

Uwar ango ta ce, "Ina kika samu yadi haka a wagga shekara?"

Na ce, "Daga Yamai Madam ɗinmu ta aiko mini. Ragowar sababbin yadi ne na manyan teloli."

Ban rufe baki ba na ji surutun ya fara raguwa. Wata maƙwabciyarmu mai suna Tamo ta ɗora yatsa a kan baƙin saƙin nan, ta daɗe ba ta ɗage ba. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Kamar na tsohuwarmu."

Ta kusa da ita ta ce, "Yadi na kama da yadi, Tamo." Amma ita ma idonta yana kan shuɗin.

Na ce, "Ai a Yamai ma ana saƙa irinsa."

Suka riƙa fita ɗai-ɗai, ba guɗa, ba hira. Na ce a raina hassada ce, dama na san za a yi.

Da azahar aka fito da tuwo, mata suka zazzauna a inuwa ƙungiya-ƙungiya. Ina kusa da Inna sai ga Iya Tsahara ta yi sallama a bakin zaure. Uwar ango da kanta ta miƙe, ta zuba mata tuwo a sabon kwano, ta kai mata da hannu biyu. Na karkata na ce wa Inna a kunne, "Wankau ce ake yi ma wannan hidima haka?"

Inna ta ce, "Wankau? Wa ya hwaɗa miki? Ita ka wanke matan garin ga in sun cika. Ita ta wanke uwata, in Allah Ya so ita za ta wanke ni. Zanen da anka ruhe mutum da shi wurin wanka, ita aka bar ma."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Kafur da ganyen magarya. Haɓar da ba a kwance ba. Gashi gida uku. Inna kuwa ta ci gaba da cin tuwonta.

Dabara ɗaya ce ta zo mini: in shiga ɗakin yanzu da kowa ke kan abinci, in naɗe bargon in ɓoye a mayafi in fice ta baya, daga baya in ce garwashin turare ya faɗa masa ya ƙone. Na ce wa Inna zan zaga. Na bi ta bayan rumbu na faɗa ɗakin amarya.

Ɗakin ƙasa ne marar taga, ni kuma daga cikin rana na fito, don haka da farko ban ga komai ba. Ƙamshin ne ya fara tarbata, ya fi na kullum ƙarfi. Da idona ya washe sai na ga bargon ba a shimfiɗe yake ba yadda na bar shi. Akwai mutum a cikinsa. An rufe shi tun daga ƙafa har kai, siriri, a miƙe, kwance a kan hannun dama, fuska tana duban gabas.

Ina tsaye sai gefen bargon ya motsa, wani hannu ya fito, fata da ƙashi. Ya yi ta lalube a kan ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan koren nan na tsakiya, ya tsaya, ya shiga shafa jan zaren. Sai wata murya ta fito daga ƙarƙashi, siririya, tana rawa.

"Wa ya sa mishi almakashi?"

Na durƙusa a ƙasa. Bakina ya buɗe da kansa, kuma ba a hankali ba.

Na ce, "Ni ce. Ni ce na yanka, ku yi mini gahwara, ku duka tara. Wallahi ban san naku ba ne. Ba daga Yamai sunka hito ba, ban san kowa a Yamai ba, Madam ma ba ta san inda nike ba. Inna ba ta aike ni ba, ni na kai kaina. Ɗan kunnen na nan cikin gwangwani, sau guda kaɗai na gwada shi. Mai shuɗi da mai ruwan goro, an hwaɗa mini ba ku shiri na haɗa ku, yau ɗin nan zan warware. Ko satifikar ma ban ci ba. Zan yi muku sadakar masa ran Juma'a, ku bar ni don Allah, ko haihuwar hwari ban yi ba."

(Akwai wani abu kuma da ya faru daidai nan wanda ya shafi zanena. Na daɗe ina cewa buta ce ta kife. Babu buta a ɗakin.)

Bargon ya zame a hankali daga wajen kai. Fuskar Gwaggo Hassu ta fito, hawaye sun jiƙa ta sharkaf. Ta juyo da idanunta masu hazo wajen da muryata take ta ce, "Ɗiyar nan, ni da raina. Sanyi nika ji na shigo in ɗan kwanta."

Sai na ji marfin kwano ya yi ƙara a bayana. Na waiga. Inna ce a bakin ƙofa, da uwar ango, da Tamo, bayansu kuma kawunan mata har inda ido ya tsaya. Ban san tun yaushe suke tsaye ba. Daga baya Tamo ta tabbatar mini ba abin da ya wuce su, har da maganar satifika.

Da sun yi dariya da na ji sauƙi. Ba wadda ta yi. Gwaggo ta tashi zaune ta jawo tsakiyar bargon kan cinyarta ta ce, "Zanen Zalika ne. Ƙaya ta yage mata shi, ni na ɗinke da hannuna. Ba ni gani, amma yatsana ya san ɗinkina."

Tamo ce ta fara shigowa. Ta ratse ni ta zauna a bakin gado ta ɗora tafinta a kan baƙin saƙin. Wata ta biyo ta, wata ta biyo wannan. Kowacce ta nemi nata ta kira suna a hankali: wannan na uwata ne, wannan na yayata ne, wannan na matar ƙanena ne. A waje makaɗa sun fara gwada ganga, a ciki mata sun kewaye gadon amarya suna share ido. Nan ne wata kunyar ta sauko mini, wadda ta fi ta jiƙaƙƙen zane nauyi. Biyu daga cikin masu zannuwan nan ina garin suka rasu. Na ga zannuwansu a shanye a kan danga ina sha'awar launin, gaisuwar kuwa ban je ba.

Uwar ango ta ce, ba da faɗa ba, "Ya yi kyau. Amma ba bisa gadon ɗana ba."

Gwaggo ta ce, "In ba a so, a ba ni. Ko tsinke nata ban samu ba."

Inna ta matso inda nake. Ta cire mayafinta ta ɗaura mini a ƙugu, ta kama hannuna ta fitar da ni ta ƙofar baya. Muka isa gida. Sai da na wanke jiki na sake zane sannan ta ce, "Da kin tambaye ni." Ta ƙara da cewa in shirya, in an watse biki zan bi ta gida-gida.

Haka aka yi. Aka tambayi limamin unguwa, ya ce tufa tufa ne, ba laifi a rufa da shi, sai dai a nemi yardar masu mamatan. Inna ta sa ni gaba muka shiga gida tara a kwana uku. A kowane gida in durƙusa in yi gaisuwar da ta makara, in ba da haƙuri, in nemi izini a bar wa Gwaggo bargon. Ba wanda ya hana. Na mayar wa Tamo ɗan kunnen mahaifiyarta, ta ce sun neme shi har sun gaji. A kwana ukun nan na san sunayen matan Dogarawa, rayayyu da matattu, fiye da yadda na sani a wata bakwai.

Gida na ƙarshe da muka shiga na Iya Tsahara ne. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ta ce, "Na tambaye ki ko kin shaida ma Innarki." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta zancen shuɗi da mai ruwan goro. Ta ce maƙwabtan juna ne, danga ɗaya ta raba su, akuyar ɗaya ta ci waken ɗaya, suka shekara ashirin ba sa gaisawa har suka koma ga Allah. Na ce ko in karɓo bargon in warware su? Ta yi tunani ta ce, "Bar su hakanan. Wataƙila su shirya."

Biba dai bargon kanti yayanta ya sayo mata daga Konni, mai launin toka, irin na kowa. Ta yi fushi da ni na wata biyu, daga nan ta mayar da abin wasa, kuma ba ta daina ba har muka tsufa tare. Maigidana kuwa, tun da ya ji labari, ya shekara guda in zai ja mayafi sai ya yi masa sallama tukuna. Gwaggo Hassu ta tafi da bargon Badaguishiri, ta rufa da shi har ƙarshen ranta. Matan garinmu in sun je cin kasuwa can sukan biya su gaishe ta, su ɗan zauna a bakin gadonta kafin su kama hanya. Bayan rasuwarta ban san hannun wa ya faɗa ba, kuma ban tambaya ba.

Ban daina ɗinkin haɗe-haɗe ba. Na yi wa 'ya'yana, na yi wa jikokina, sai dai yanzu ƙyalle ba ya hawa tabarmata sai na san uwarsa da ubansa. In kuwa 'yan mata suka ce in ba su shawara a kan abin da ya same ni, nakan ce musu tuba abu ne mai kyau, ba na hana kowa. Amma in za ki yi, ki fara ɗaga bargon ki ga wa ke ciki, ki waiga ki ga wa ke bakin ƙofa, sannan ki faɗi laifin da aka tambaye ki shi kaɗai.